Tsiron da Yake Hawa Bango da Kansa: Laifin Wa Ne?

Akwai wani tsiro a ƙasashen Turai wanda mutanen Ingila suke kira aibi, Faransawa kuwa suna ce masa liyar. Masana itatuwa suna rubuta sunansa Hedera helix. Bahaushe in ya ji sunan nan na Ingilishi sai ya yi murmushi, gama a bakinsa aibi shi ne lahani ko abin zargi. Dacewa ce kawai, harsunan biyu ba su haɗa kome a kan wannan kalma ba. Amma ga shi kuwa tsiron ya daɗe yana shan zargi a ƙasarsa, magina da masu lambu sun yi shekara da shekaru suna gardama a kansa.

Mai karatu ya san tsire-tsire masu yaɗo. Ya san duma da kabewa da soso, ya san garafuni da yaɗiya. Waɗannan duka sai sun sami abin kamawa, ko danga, ko darni, ko rumfa, ko reshen itace. Waɗansu sukan miƙa siraran hannuwa su naɗe kara, waɗansu kuwa jikinsu ne yake murɗewa a kansa. In aka shuka su a gindin bango mai santsi sai su kwanta a ƙasa. Aibi ba ya neman igiya ko ƙusa ko sanda. Daga jikin reshensa, ta gefen da yake fuskantar bango, 'yan saiwoyi suke fitowa jere kamar ƙafafun shanshani. Kowace saiwa tana da gashi ƙanana ƙwarai masu fid da wani irin danƙo. Gashin yakan shiga 'yan ramukan dutse waɗanda ido ba ya gani, sa'an nan ya bushe ya murɗe, ya kulle kansa a ciki. Da haka tsiron yake hawa, taki bayan taki, har ya kai mita 20 ko fiye in ya sami abin hawa.

Akwai kuma waɗansu biyu daga dangin inabi masu irin wannan hali. Ɗaya kuringar Bajiniya ce ta gabashin Amurka, ɗayan ana kiransa aibin Boston ko da yake asalinsa Japan ne da Sin da Koriya. Su ba su da saiwar hawa. A bakin kowane siririn hannu nasu akwai ɗan faifai kamar ƙwayar ridi wanda yake mannewa a bango. Darwin, masanin halittu na Ingila, ya fid da dogon bincike a kan tsire-tsire masu hawa a 1865, ya mai da shi littafi a 1875. Ya gwada wani tsohon hannu na kuringar Bajiniya wanda ya kai shekara goma a jikin bango, rana da ruwa suna dūkansa. Reshe ɗaya tak na hannun nan ya ɗauki nauyin laba biyu, wato kusan kilo ɗaya, bai saki ba.

To, a ce wani mutum a wani ƙauye na Ingila ya tashi da safe bayan ruwa mai yawa, ya ga laima ta sauko a bangon ɗakin kwanansa. Ya kira magini. Magini ya hau tsani, ya tarar magudanar rufi ta cushe da ganye, rassan aibi sun kutsa ƙarƙashin falalen duwatsun rufin sun ɗaga su, wani reshe mai kaurin damtse ya shiga tsakanin duwatsu biyu na kusurwa ya ture su. Kuɗin gyara zai cinye albashin watanni. Maganar farko da za ta fito daga bakin mai gidan ita ce, tsiron nan ya kashe mini gida. Gaskiya ya faɗa?

Kafin a yanke shari'a ya kamata a ji shaidu. Zargi na fari da ake yi wa aibi shi ne wai yana shan jinin abin da ya hau. Wannan ba haka ba ne. Kauci ne yake yin haka, shi da yake kafa bakinsa cikin reshen itace yana tsotsar ruwansa. Aibi yana da saiwarsa ta ainihi cikin ƙasa, daga can yake ci yake sha, 'yan saiwoyin jikin bango kuwa na riƙo ne kurum. Zargi na biyu shi ne wai yana fasa bango, a nan ne aka yi bincike mai kyau. Hukumar da take kula da tsofaffin gine-ginen Ingila ta sa masana na Jami'ar Oksfod, a ƙarƙashin Farfesa Heather Viles, su auna abin da yake faruwa. Suka kafa ma'aunan zafi da laima a bangaye na wurare dabam dabam. Suka kuma gina bangon gwaji a kurmin Wytham kusa da Oksfod, suka bar tsaga da rami a cikinsa da gangan, suka shuka aibi a gindinsa. Abin da suka bayyana a 2010 ya ba mutane da yawa mamaki. Ganyen aibi ya zama wa bango kamar bargo. A tsakar rana, zafin bangon da yake tsirara ya ɗara na bangon da aibi ya rufe da wajen kashi 36 cikin 100, da dare kuwa sanyinsa ya fi da wajen kashi 15. Dutse kuwa abin da yake gajiyar da shi ke nan, zafi yau sanyi gobe, da ruwan da yakan daskare cikin tsaga ya buɗa ta. Ganyen yana kuma tare ƙura da hayaƙin motoci. A bangon da yake lafiyayye, wanda kwaɓin da yake tsakanin duwatsunsa bai zube ba, aibi yakan wuce ta bisa, ba ya huda shi. Inda aka sami ɓarna, sai a tarar akwai tsaga tun da fari, ko kwaɓin ya ruɓe ya zama gari. Nan reshe yake shiga, ya yi kauri shekara bisa shekara, ya ture dutse daga ɗan'uwansa.

Hausawa sun riga masanan nan faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Akwai kuma wani abu game da halin tsiron wanda ya kamata a sani. Yawancin tsire-tsire suna bin haske, amma sabon reshen aibi mai hawa yakan juya wa haske baya ya nufi duhu. Dalilin a fili yake. A cikin kurmi, inda yake gidansa na asali, wurin da ya fi duhu shi ne gindin babban itace ko jikin dutse, wato abin hawa. Saboda haka sa'ad da ya iske tsaga a bango, ko ƙarƙashin rufi, ko bakin tagar da ba ta rufu sosai ba, sai ya shiga, gama duhu ya gani. Ba shi da wata niyya game da gidan. Bai ma san akwai gida ba.

Laifi kuwa ba ya zama sai a kan wanda ya sani, yana kuma da ikon ya zaɓa. Ba a kai ruwan sama gaban alƙali, ba a kuma tuhumar gara. In akuya ta shiga gonar wani, mai akuya ake nema. Ashe maganar mai gidan nan, in an bi ta a hankali, komawa kansa take yi. Amma zai ce, me na yi? Ban taɓa bangon ba, ban taɓa tsiron ba. Wannan amsa tasa gaskiya ce, ita ce kuma tuhumar da ake yi masa.

A nan ne al'amarin yake da wuya, gama tsiron yana ruɗin mai shi ta hanyar da ba a zato. A shekarunsa na fari abin tausayi ne. Akan shuka shi kamar santimita 30 zuwa 45 daga gindin bango, domin ƙasar da take manne da bango busasshiya ce. Akan jingina masa 'yar sanda ta nuna masa hanya, a riƙa ba shi ruwa, a danna rassansa ƙasa-ƙasa domin ya yi faɗi kafin ya yi tsawo. Reshen da iska ta ɓamɓare daga bango ba ya sāke mannewa, sai a datse shi a jira sabon toho, gama sabon toho kaɗai yake kamawa. Shekara ɗaya, shekara biyu, kamar ba ya motsi. Mai gida yana fita kowace safiya yana dubawa, yana murna da kowane sabon ganye. Sa'an nan tsiron ya kama. Daga ranar nan ba ya bukatar ruwa daga hannun kowa, ba ya bukatar sanda. Mai gida ya ce alhamdu, aiki ya ƙare, ya mai da hankalinsa ga waɗansu abubuwa. Ga shi kuwa a daidai lokacin nan ne aikin gaske ya soma. Kulawar da aka zuba masa sa'ad da ba ya iya ɓata kome, ita aka janye sa'ad da ya sami ƙarfi.

Bayan shekaru, sau da yawa goma ko fiye, in ya kai ƙarshen bango ya sami rana, sai ya sāke kama gaba ɗaya. Ganyensa mai yatsu ya zama mai siffar zuciya ko ƙwai. Rassan sama su daina mannewa, su yi cunkus su miƙo waje kamar kan itace, su yi fure su yi 'ya'ya baƙaƙe. Wannan kai mai nauyi shi yake tare iska, shi yake jijjiga tsohon bango ko bututun hayaƙi a lokacin hadiri. Tsuntsaye kuma su ci 'ya'yan su kai irin nesa. A jihar Oregon ta Amurka, inda aka kai aibi domin ado, ya tsere daga lambuna ya mamaye kurmi har hukuma ta hana sayar da shi a 2010.

Iyaye da malaman makaranta da masu koya wa yara sana'a za su ga wani abu da suka sani a cikin wannan. Yaron da yake jan ƙafa, kowa yana kansa. Yaron da yake tashi da kansa, ya yi aikinsa ba a ce masa yi ba, shi akan bari, a ce wannan ba shi da matsala, har ran da aka ji labarinsa a inda ba a zata ba. Amma kada a ja misalin ya wuce inda ya tsaya. Yaro yana da kunne, ana iya zaunar da shi a yi magana, in ya girma kuma yana da nasa rabo na alhaki. Tsiro ba shi da rabo ko kaɗan, duka nauyin a kan mai bango yake.

Mai gidan yana da sauran hujja, ba kuwa hujjar banza ba ce. Zai ce, a nuna mini ranar da na yi laifin. A shekarar da reshe ya rage taki biyu ya kai magudana, babu ɓarna. A shekara ta biye ya taɓa ta, har yanzu ruwa yana wucewa. Wata shekara ya yi ciwon baya, wata shekara tsanin maƙwabci ya karye, wata shekara an yi rasuwa a gidan. Kowane jinkiri shi kaɗai ƙarami ne, kowanne kuma yana da dalili mai kyau. In ba wata rana ɗaya da za a ce ran nan ne, ina laifin yake zaune?

Gaskiya ne babu ranar. Abin da ya sa irin wannan sakaci ya fi sata ko ƙarya wuyar ganewa ke nan, gama ɓarawo ya san daren da ya haura katanga. Amma wanda ya shuka abin da ba ya tsayawa da kansa, ya kuma san ba ya tsayawa, ya san tun ran shuka cewa ranar ba za ta zo ta yi sallama ba. Saboda haka shi ne zai sa ranar. Masu lambu da suka san aikinsu haka suke yi. Sukan ja layi a zuciyarsu, ko ma da alli, kamar taki ɗaya ko biyu ƙasa da magudana, haka kuma kewaye da kowace taga da ƙofa, su ce nan ne iyaka. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara su hau tsani da almakashi su mai da tsiron bayan layin, ko ya yi ɓarna ko bai yi ba, su kuma dudduba bangon su cike duk tsagar da suka gani. Ba sa jira sai ransu ya ba su cewa ya yi yawa, domin idon da yake ganin abu kowace rana ba ya ganin girmansa. Ikkilisiyar Ingila, wadda take da dubban tsofaffin majami'u na dutse, ta kafa doka a 1955 cewa masanin gini zai duba kowace majami'a aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, ya rubuta abin da ya gani. Ana bin wannan tsari har wa yau. Laifin mai gidan nan yana nan a inda bai ja layi ba, bai kuma sa rana ba.

Akwai kuskure na biyu wanda yakan bi na farin a baya. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar bai duba ba, ran da ya ga ɓarna sai fushi ya kama shi, ya ɗauki zarto ya yanke tsiron a gindi, ya ce bari ya bushe a can. An daɗe ana ba da wannan shawara. Amma rahoton da hukumar gine-ginen tarihi ta Ingila ta fitar a 2017 ya yi kashedi a kanta game da tsofaffin bangaye. Aibin da aka raba da ƙasa ba kullum yake mutuwa ba. In akwai laima da ruɓaɓɓen kwaɓi a bangon, sai ya tura saiwa ta ainihi a ciki domin ya rayu, ya mai da bangon ƙasarsa. Abin da dā yake riƙe da bango kawai, yanzu a cikinsa yake ci. In kuwa aka fizge shi da ƙarfi yana ɗanye, yakan taho da yaɓe da kwaɓi, wani lokaci har da dutse. Ya zama ƙadangaren bakin tulu. Hanyar da ta rage ita ce ta haƙuri, a fara daga sama, a riƙa ɓamɓarewa reshe reshe, inda saiwa ta shiga tsakanin duwatsu a kira magini ya buɗe ya cire ya mayar. Fushin yini ɗaya ba ya biyan bashin shekara goma sha biyar, sai dai ya ƙara masa ruwa.

Sau da yawa kuma wanda ya shuka ba shi ne yake biya ba. Aibi yakan fi mai shuka shi tsawon rai. Gida ya shiga hannun ɗa, ko gwauruwa, ko baƙon da ya saya. Magaji yana iya cewa, ni ban shuka ba, don me zan hau tsani? Ana jin tausayinsa, amma ba a iya sallamarsa. Ya karɓi gidan da sanyin ɗakinsa a lokacin zafi, ya karɓi kyan ganin da ya sa masu wucewa suke tsayawa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. In ba ya so, yana da iko ya cire tsiron ta hanyar da ta dace. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya riƙe inuwar ya ƙi almakashin. Sai dai wannan yana komawa kan mai shuka da wata tambaya mai nauyi, gama sa'ad da yake tura ɗan tsiron cikin ƙasa yana ɗora aikin kowace shekara a kan mutanen da ba a shawarce su ba, waɗansu ma ba a haife su ba tukuna. Mutum mai shekara saba'in da yake shuka aibi a gindin bene ya kamata ya tambayi kansa wa zai hau tsanin.

Tsiron bai san iyakar gida ba kuma. Yakan haura katanga ya sauka wajen maƙwabci. A shari'ar Lemmon da Webb ta 1894, babbar kotun Ingila ta wancan zamani ta yanke cewa mutum yana iya sare rassan itacen maƙwabcinsa da suka shigo sararin gidansa, ba sai ya sanar da shi ba, muddin bai taka ƙasar maƙwabcin ba. Rassan da ya sare kuwa na mai itacen ne. Doka ta ba da iznin sara, amma ba ta iya hana gaba tsakanin gida biyu, gaisuwa ta gari da kalma ɗaya kafin a ɗauki almakashi su suke yin wannan.

Ko lokacin askin ma ba a hannun mai gida kaɗai yake ba. Tsuntsaye suna yin sheƙa cikin aibi, dokar kare namun daji ta 1981 kuwa ta hana a lalatar da sheƙar da ake amfani da ita. Daga wajen Maris zuwa Agusta, sai an duba sosai kafin a taɓa. Daga Satumba zuwa Nuwamba aibi yana fure, a lokacin da sauran furanni suka ƙare, ƙudan zuma suna dogara gare shi kafin sanyi, 'ya'yansa kuma abincin tsuntsaye ne a ƙarshen hunturu. Wanda ya ƙyale 'yan makonnin da suka dace suka wuce shi, sai ya jira wata shekara, tsiron kuwa ba ya jira tare da shi.

Aibin Turai ba zai jure rani irin na Maraɗi ko Damagaram ba. Amma a biranen da suke samun ruwa da yawa wajen bakin teku ana ganin wani mai irin halinsa a katangun siminti, ɗan ƙaramin dangin ɓaure da cediya da gamji, asalinsa gabashin Asiya, sunansa a littafin masana Ficus pumila. Yana farawa da ganye ƙanana kamar farce, lafe da bango kamar an zana. In ya tsufa sai ya fid da rassa masu kauri da manyan ganye, saiwarsa ta nemi kowace tsaga. Duk abin da aka faɗa a kan aibi ya hau kansa. Ginin ƙasa kuwa ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu, gama bangon ƙasa yana rayuwa ne da sabon yaɓe kafin damina, ba a kuwa yaɓe ta bisa ganye. Nan kam da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duma a kan danga ya isa, in kaka ta wuce ya bushe a tattara.

Wanda ya yi haƙuri ya cire aibi ko kuringa daga bangonsa har reshe na ƙarshe zai ga ba su tafi duka ba. 'Yan saiwoyin da 'yan faya-fayan nan suna nan manne, dubbai, sun zana hanyar kowane reshe daga ƙasa har rufi. Akan bar su su bushe, a bi su da burushin ƙarfe ko a kankare da wuƙa, taki bayan taki, a kan tsani. A jan bulo da dutse mai kaushi waɗansu sukan ƙi fita, su yi shekaru ana ganinsu daga hanya.